Baybayin: Yadda Masu Zane a Ƙetare Suka Tayar da Tsohon Rubutun Filifin

Takardun kuɗin da babban bankin ƙasar Filifin ya fara fitarwa a ƙarshen shekarar 2010 suna ɗauke da wata alama da ba kowa ke lura da ita ba. Idan aka ɗaga takardar aka kalli haske, wasu haruffa huɗu masu lanƙwasa, waɗanda aka buga rabinsu a fuska rabinsu a baya, sukan haɗu su cika su ba da kalmar "Pilipino". Sunan wannan rubutu baybayin, kuma da shi mutanen Manila da kewayenta suke rubutu lokacin da jiragen Sifaniyawa suka iso tsibiran a ƙarni na 16. Mafi yawan waɗanda kuɗin ke ratsa hannunsu a kullum ba za su iya karanta haruffan ba, domin an yi fiye da shekara 200 ba a koyar da su a matsayin rubutun yau da kullum. Duk da haka, wanda ya leƙa shafukan sada zumunta a yau zai ga baybayin a jikin riguna, a bangon gine-gine, a manyan allunan zane, har ma a fatar matasa, kuma idan ya bi sawun wannan farfaɗowa zai tarar cewa wani babban ɓangare nata daga Kalifoniya da Kanada ya taso.

Tambaya biyu ce ke cikin wannan al'amari. Me ya sa waɗanda suka yi nesa da gida, da yawansu ma harshen iyayensu bai zauna a bakinsu ba, suka shiga sahun gaba wajen tayar da rubutun da na gida suka daɗe da ajiyewa? Sannan abin da suke yi da buroshi da tawada zai iya mayar da baybayin abin karantawa, ko zai tsaya a matsayin abin kallo? A ganina aikin masu zanen nan yana da daraja ta haƙiƙa, kuma tushen darajar yana cikin ginin rubutun kansa, wanda ba ya rubutuwa daidai sai ga wanda ya saurari harshen da kunnensa.

A tsarinsa na asali baybayin yana da haruffa 17: wasula 3 da baƙaƙe 14. Kowane baƙi yana zuwa da wasalin "a" a cikinsa, saboda haka harafin da ke wakiltar "b" ana karanta shi "ba". Idan aka sa ɗigo ko ɗan gajeren layi a samansa, wanda suke kira kudlit, sai ya koma "be" ko "bi", idan kuwa a ƙasa aka sa sai ya zama "bo" ko "bu". Sautin "d" da na "r" harafi ɗaya suke rabawa. Abin da tsarin bai tanada ba shi ne baƙin da ke rufe gaɓa, wato abin da ɗan makarantar allo zai ce rubutun ba shi da ɗauri. Idan marubuci ya rubuta "ba" da "ta" a harshen Tagalog, wato harshen mutanen Manila da kewayenta, mai karatu zai iya karanta bata, wato yaro, ko batas, wato doka, ko banta, wato barazana, ko bantay, wato mai gadi, kuma zancen da ke gaba da baya ne kaɗai zai nuna masa wanda ake nufi. Baƙon da ke koyon harshen zai ga wannan a matsayin naƙasu babba, amma ɗan ƙasa da ya tashi da harshen a bakinsa yana cike gurbin ba tare da ya tsaya tunani ba. A shekarar 1620 wani limamin coci mai suna Francisco Lopez, wanda ke aiki a yankin Ilokos, ya ƙirƙiro wata alama mai siffar gicciye da ake sawa ƙarƙashin harafi don a kashe wasalinsa. Wani malamin coci na ƙarni na 18 ya ruwaito cewa masana rubutun daga cikin 'yan ƙasa sun yaba wa dabarar, amma sun ƙi ɗaukarta, suna ganin ta saɓa wa ɗabi'ar rubutunsu. Wannan gardama ta shekara 400 har yau ba ta mutu ba, kamar yadda za a gani a gaba.

Baybayin ɗan dangin rubuce-rubucen da suka samo asali daga Indiya ne suka bazu a kudu maso gabashin Asiya ta hanyar fatauci. Rubutu mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata da aka samu a Filifin wani falle ne na jan ƙarfe da aka tsinta a lardin Laguna a 1989, wanda aka rubuta a shekara ta 900, yana shaida cewa an yafe wa wani mutum da zuriyarsa bashin zinariya. Sai dai da rubutun Kawi na tsibirin Jawa aka yi shi, kuma masana ba su daidaita kan hanyar da baybayin ya bi ya iso ba. Wasu suna ganin rashin baƙin ƙarshen gaɓa alama ce ta cewa ya ratso ta Sulawesi, inda rubutun Bugis yake da irin wannan hali. Abin da babu jayayya a kansa shi ne yaɗuwarsa a lokacin zuwan Turawa. Pedro Chirino, ɗan mishan da aka buga bayaninsa a 1604, ya rubuta cewa da wuya a sami namiji, balle mace, da bai iya karatu da rubutu da waɗannan haruffa ba. Ko da an ɗauka ya yi ƙari, maganarsa ta yi daidai da abin da 'yan mishan suka aikata: littafin koyar da addinin Kirista mai suna Doctrina Christiana, wanda aka buga a Manila a 1593 kuma yana cikin littattafan farko da aka fara bugawa a ƙasar, ya zo da Sifaniyanci, da Tagalog cikin haruffan boko, da kuma Tagalog cikin baybayin. Ba wanda zai sha wahalar sassaƙa haruffa a katako don buga littafi da rubutun da ba shi da masu karatu. Kwafi ɗaya da aka sani ya rage na littafin yana ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a Washinton, sannan Jami'ar Santo Tomas da ke Manila tana ajiye da takardun cinikin fili guda biyu na shekarun 1613 da 1625 da aka rubuta gaba ɗaya da baybayin.

Labarin da ya fi yawo a bakin matasa, musamman a ƙetare, shi ne cewa limaman cocin Sifaniya sun tara rubuce-rubucen mutanen ƙasar sun banka musu wuta. Tabbas sun lalata gumaka da kayan bautar gargajiya, kuma a Yukatan ta ƙasar Meziko an yi irin wannan ƙone-ƙone ga littattafan Maya a 1562, amma masu bincike ba su sami shaidar wani shiri na ƙona baybayin baki ɗaya ba. Abin da ya faru ya fi haka sanyi, kuma ya fi haka ciwo. A jikin gora da ganye ake yin rubutun, kayan da ba sa jure damina da gara, kuma an fi amfani da shi wajen wasiƙu da waƙoƙi da gajerun saƙonni, tarihi da dokoki kuwa a ka ake riƙe su. Da mulkin mallaka ya zauna, wanda ya iya haruffan boko shi ke samun aikin malanta a coci da ofishin hukuma, kalmomin Sifaniyanci masu cunkoson baƙaƙe suka cika harshen, iyaye kuma suka bi inda amfanin 'ya'yansu yake. Zuwa 1745 wani limami mai suna Sebastián de Totanes ya rubuta cewa da wuya a sami ɗan ƙasa da ya iya karanta tsofaffin haruffan. Bambancin labaran nan biyu yana da muhimmanci ga duk mai son farfaɗowa. Idan wuta ce ta kashe rubutun, to laifin na wani ne, kuma fushi ya isa amsa. Idan kuwa rashin amfani ne ya kashe shi, babu abin da zai dawo da shi sai an samar masa wani amfani da mutane za su ji suna buƙata.

Bayan Sifaniya ta miƙa tsibiran ga Amurka a 1898 kan dala miliyan 20, sabbin masu mulkin suka kafa makarantun gwamnati da Turanci, har jirgin ruwa guda ya kawo malamai kusan 500 a 1901. Amma tun kafin nan baybayin ya riga ya sauya aiki: 'yan ƙungiyar Katipunan da suka tayar wa Sifaniya a 1896 sun sa harafin "ka" a wasu tutocinsu, harafin da ke kama da "I" na boko mai lanƙwasa a sama da ƙasa, kuma har yau yana cikin tambarin rundunar sojin ƙasar da wasu hukumomin al'adu. Wato rubutun ya zama tuta tun kafin masu zane na ƙetare su taɓa shi. A 1914 kuma wani malami, Paul Rodriguez Verzosa, ya laƙaba masa suna alibata daga alif, ba, ta na Larabci, bisa zaton cewa daga can ya fito. Zaton kuskure ne, amma sunan ya shiga littattafan makaranta ya zauna shekaru da dama, kuma ɗaya daga cikin nasarorin masu farfaɗowa na yanzu ita ce dawo da sunan asali.

Filifin na cikin ƙasashen da suka fi kowa fitar da ma'aikata. An ƙiyasta 'yan ƙasar da ke zaune a waje sun kai kimanin miliyan 10, kuɗin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara, kuma duk wanda ya taɓa shiga asibiti a Saudiyya ko Dubai ya ga ma'aikatan jinyarsu. A Amurka kaɗai akwai fiye da mutum miliyan 4 masu asali da ƙasar, tun daga jikokin leburorin gonakin rake da aka fara kai wa Hawai a 1906, har zuwa 'ya'yan likitoci da ma'aikatan jinya da suka shiga bayan an sassauta dokar shige da fice a 1965. Halin da waɗannan 'ya'ya suka tsinci kansu ya bambanta da na sauran baƙi 'yan Asiya. Iyayensu sun zo da Turanci a baki, da yawa kuma suka zaɓi kada su koya wa yara Tagalog ko Ilokano don kada lafazinsu ya bambanta a makaranta. Sunayensu na Sifaniyawa ne, addinin mafi yawansu Katolika ne, harshensu kuma da haruffan boko ake rubuta shi. Yaro ɗan asalin Sin ko Koriya ko Japan yana da rubutun da ke bayyana asalinsa da kallo ɗaya, a jikin shago ko a bangon ɗaki, shi kuwa ɗan Filifin ba shi da abin nunawa da bai biyo ta hannun mai mulkin mallaka ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma a nan waɗanda aka haifa bayan an bar gidan su ne suka fi jin zafin rashinsa. Wanda ke zaune a Manila yana jin harshensa a kasuwa da cikin mota, ba ya buƙatar wata shaida; wanda ke Los Anjeles ana tambayarsa asalinsa kullum, shi ne ya ga haruffa 17 ya ji kamar an miƙo masa takardar gado.

Kafin zane, aikin ya fara ne da haƙurin wasu 'yan tsiraru a farkon zamanin intanet. A tsakiyar shekarun 1990 Hector Santos, mazaunin Los Anjeles, ya wallafa bayanai kan tsofaffin rubuce-rubucen Filifin tare da ƙera haruffansu don kwamfuta. Paul Morrow a birnin Winnipeg na Kanada, garin da ke da tarin 'yan Filifin, ya kwaikwayi siffar haruffan littafin 1593 ya mayar da su abin da kowa zai sauke kyauta ya yi rubutu da shi, ya kuma yi ta warware tatsuniyoyin da aka jingina wa tarihin rubutun. A 2002 aka shigar da baybayin cikin Unicode, wato kundin da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa don na'urori su gane shi, daga baya kuma ya samu shiga allon rubutu na wayoyin hannu. Ba don wannan aiki marar armashi ba, da mai zane bai sami ingantaccen samfurin da zai koya daga gare shi ba.

Hanyar da rubutun ya fara bi ya shiga cikin jama'a ita ce jarfa. Ko da mai karatu bai yarda da zanen jiki ba saboda addini ko al'ada, ba zai fahimci wannan farfaɗowa ba idan ya tsallake shi. Mutanen tsibiran tsakiya suna da tsohuwar al'adar jarfa, har Sifaniyawa suka kira su Pintados, wato masu zane a jiki, kuma a 1998 wasu matasa a kudancin Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Elle Festin, suka kafa ƙungiyar Tatak ng Apat na Alon don dawo da ita. Jarfar gargajiya layuka ce da siffofi, ba kalmomi ba, saboda haka rubuta suna ko kalma da baybayin a damtse sabon abu ne da zaman ƙetare ya haifar. Ban ga aibu a sabuntarsa ba, muddin ba a sayar da shi da sunan al'adar kaka da kakanni ba.

Daga cikin masu zanen da suka ɗauki rubutun a matsayin sana'ar rayuwa, Kristian Kabuay na yankin San Faransisko ya fi fice. Ya haɗa salon zanen bango na titi, wanda ya tashi yana gani a Amurka, da salon ƙayataccen rubutun buroshi na gabashin Asiya, yana rubuta harafi guda da faɗin hannu a kan babban ƙyalle, tawada na fantsama, wani lokaci a gaban 'yan kallo. Ya buɗe shafin koyar da baybayin a intanet, ya yi ta gabatar da laccoci a jami'o'i da gidajen tarihi, kuma abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne bai raba zane da koyarwa ba. Taipan Lucero kuwa tafiya aiki Japan ce ta buɗe masa ido, inda ya ga irin girman da Japanawa ke ba fasahar rubutunsu, ya tambayi kansa dalilin da ya sa ƙasarsa ba ta da makamancinta. Ya ƙirƙiro salon da ya kira CalligraFilipino, yana ɗauko lanƙwasar layukansa daga kayan al'adun ƙasar, ciki har da okir, adon sassaƙa na Musulmin Maranao. A nan akwai abin lura: baybayin na dā da tsinin wuƙa ake karce shi a jikin gora, bai taɓa samun gatan fada ko na masu kwafar littattafai da zai haifar masa da fasahar ƙawata rubutu irin ta Larabci ko ta Sinanci ba. Masu zanen yanzu suna gina masa abin da tarihi ya hana shi ne, kuma sun iya hango gurbin ne saboda sun zauna kusa da al'ummomin da ke da shi.

Amfanin zane a irin wannan hali a bayyane yake. Ba ya jiran doka ko manhajar makaranta, ba ya buƙatar mai kallo ya iya karatu kafin ya tsaya, kuma yana cire wa rubutun rigar gidan tarihi ya sa masa ta zamani. A bukukuwan 'yan Filifin, irin su Pistahan da ake yi duk shekara a San Faransisko, layin masu son a rubuta musu sunansu da baybayin yakan zama aji na farko ga mutane da yawa.

Haɗarin kuma daga nan yake fitowa. Rubutun da ake kallo ba a karantawa ya zama ado, kuma ado ba ya jin ciwon kuskure. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki baybayin kamar wata riga ce da ake sa wa haruffan boko ɗaya bayan ɗaya. Mai son rubuta mahal, wato ƙauna ko abin ƙauna, sai ya nemo harafin "m", da na "a", da na "h", da na "a", da na "l", abin da ya fito kuwa "ma-a-ha-a-la" ne, kalmar da babu ita, kuma akwai mutanen da ke yawo da irin wannan a fatarsu har ƙarshen rayuwa. Ƙa'idar da malaman rubutun ke nanatawa ita ce yadda ake furtawa haka ake rubutawa. Kalmar da ake rubutawa "mga" da boko ana furta ta "manga", wadda ake rubutawa "ng" ana furta ta "nang", kuma wanda bai taɓa jin su a bakin mai harshen ba, ba zai rubuta su daidai ba. Ko sunan Turanci irin Grace sai an saurare shi an rarraba shi gaɓa-gaɓa bisa sautin Tagalog kafin a sa buroshi. Wannan wahala ita ce babbar albarkar baybayin ga ɗan ƙetare. Tuta ko riga ana iya saya a sa ba tare da an koyi komai ba, amma wanda ya ƙuduri rubuta kalma ɗaya daidai dole ya koma wurin mahaifiyarsa ko kakarsa ya ce ta furta masa, daga nan ya tambayi ma'ana, daga ma'ana ya shiga jimla. Mai zanen da ya tsaya kan daidaiton rubutu yana tura masu sayen aikinsa zuwa ga harshen, wanda kuwa ya yi sakaci yana sayar musu da siffa ce kawai, kuma da wannan ma'auni nake bambance aikin da ke rayar da rubutun da wanda ke cin moriyarsa.

Mu da muka san ajami muna da hanyar gane wannan. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 kuma daga sabuwar naira 100, alhali miliyoyin mutane suna iya karanta shi saboda makarantar allo ba ta daina koyar da babbaƙu da farfaru ba. Baybayin ya samu gurbi a takardar kuɗi da fasfo da allunan wasu hanyoyin Manila, amma ba shi da wata makaranta da ke yaye masu karatunsa duk shekara. Martabar hukuma da yawan masu karatu abubuwa biyu ne daban, kuma na biyun ne ke riƙe rubutu.

Tsohuwar gardamar Lopez ta dawo da sabon ƙarfi. Masu ra'ayin riƙe asali suna rubutu ba tare da alamar kashe wasali ba, suna cewa haka kakanni suka yi kuma suka fahimci juna. Mafi yawan matasa suna amfani da gicciyen Lopez ko wata alama makamanciyarsa, domin Tagalog na yau cike yake da kalmomin aro da ba za su karantu ba sai da ita. Wasu sun wuce nan sun ƙirƙiro haruffa don "f" da "v" da "z", sun raba "e" da "i", sun raba "o" da "u", kowa da nasa tsari, har ya zama rubutun wani ba ya karantuwa ga wani. A zane wannan 'yanci ne mai kyau, amma a rubutu cikas ne, domin rubutu yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Ina ganin alamar kashe wasali ta riga ta ci nasara kuma ya kamata a karɓe ta, amma yawaita sabbin haruffa ba tare da matsaya ɗaya ba yana rage yawan waɗanda za su iya karanta juna a daidai lokacin da ake neman ƙara su.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan nauyi, wadda nisa ke ɓoye wa mazauna ƙetare. Daga Kalifoniya ana ganin Filifin ƙasa ɗaya mai al'ada ɗaya, alhali tsibirai ne fiye da 7,000 masu harsuna sama da 170. A 2018 wani kwamiti na majalisar wakilai ya amince da ƙudurin da ɗan majalisa Leopoldo Bataoil ya gabatar, na ayyana baybayin a matsayin rubutun ƙasa, a riƙa sa shi a kwalayen abincin da aka sarrafa a gida, da sunayen tituna da gine-ginen gwamnati, da kan jaridu. Ƙudurin bai zama doka ba, kuma suka mafi ƙarfi ta fito ne daga masu kishin al'adun da kansu. Mutanen Pampanga suna da nasu rubutun mai suna kulitan, Musulmin Mindanao da Sulu sun yi ƙarnoni suna rubuta harsunansu da haruffan Larabci, kuma duk waɗannan suna ganin ɗora rubutun da aka fi dangantawa da Tagalog a kan kowa maimaita abin da aka yi ne lokacin da aka gina harshen ƙasa a kan Tagalog. Mai zanen da ya kira baybayin rubutun 'yan Filifin baki ɗaya, ko da da kyakkyawar niyya, yana shafe wasu ne kamar yadda aka shafe nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da masu rubutun da bai taɓa mutuwa ba suke ciki. A tsaunukan tsibirin Mindoro, al'ummomin Hanunoo da Buhid daga cikin ƙabilun da ake kira Mangyan ba su daina rubutu da nasu haruffan ba, waɗanda 'yan uwan baybayin ne na jini, haka ma Tagbanwa da Pala'wan a tsibirin Palawan, ko da yake masu iyawa a can sun ragu ƙwarai. Hanunoo suna karce waƙoƙin ambahan, masu gaɓa bakwai a kowane layi, a jikin gora da tsinin wuƙa, na neman aure da na nasiha da na bankwana, kuma yara sun saba koyon haruffan daga na gaba da su ba tare da aji ko allo ba. Gwamnati ta karrama mawaƙinsu Ginaw Bilog a 1993, UNESCO kuma ta shigar da rubuce-rubucen huɗu cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya a 1999. Duk da haka waɗannan al'ummomi suna cikin mafi talauci a ƙasar, suna fama da masu haƙar ma'adinai da masu ƙwace filaye, matasansu kuma suna barin rubutun saboda dalilin da ya sa Tagalog suka bar nasu a ƙarni na 18, wato ba ya kai mutum ga aiki. Rigar da aka buga wa baybayin tana samun kasuwa a Amurka, amma kaɗan daga cikin wannan kuɗi da wannan sha'awa ke isa Mindoro, inda cibiyoyi irin su Mangyan Heritage Center da ke Calapan suke ƙoƙarin tattara waƙoƙin da koyar da rubutun.

Akwai kuma bashi na zahiri a tsakani. Antoon Postma, ɗan ƙasar Holan da ya zauna shekaru masu yawa cikin Hanunoo kuma shi ne ya warware rubutun fallen Laguna, ya shigar da wata alamar kashe wasali mai suna pamudpod cikin rubutunsu, wata 'yar lanƙwasa da ake ja a gefen harafi. Masu rubuta baybayin na zamani da ba sa son gicciyen Lopez, wasu saboda alaƙarsa da mulkin mallaka wasu saboda ba ya tafiya da buroshi, sun aro ta daga can, har aka shigar da ita sashen baybayin na Unicode a 2021 tare da harafin "ra" mai zaman kansa. Matashin da ke ja wannan lanƙwasa a ɗakin zanensa a Toronto ko San Diyego yana amfani ne da kayan mutanen Mindoro, kuma mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ambaci sunansu a jikin aikin, ya gayyaci marubutansu idan ana baje koli, ya kuma ware wani kaso na cinikin ga makarantun da ke koya wa yaran Hanunoo da Buhid haruffansu.